Kakana Mai Jan Sarƙa

Ƙarfe goma da minti arba'in na safe, ranar sadakar uku, babban baffana ya ce gonar ƙetaren rafi za ta shiga gado. Ina tsaye a bayan ƙofar zaure da farantin gumba, an daɗe ba a karɓa ba, shi ya sa na duba agogo. Bai ɗaga murya ba. Wani ne cikin masu gaisuwa ya tambaye shi gonaki nawa marigayi ya bari, shi kuwa ya ƙirga da yatsu, ya sa ta a ta huɗu. A daidai lokacin tsohuwar da iyalinta suke noman gonar tana ratsa zauren za ta shiga wajen mata. Ta ji. Ta durƙusa ta ce wa maza, "Ya haƙuri?" Suka ce da godiya. Ta dafa sandarta ta wuce ciki.

Gonar nan ita ce abincin gidan tsohuwar. Sun fi shekara arba'in suna nomanta. Su Maguzawa ne da suka zama Kirista bayan zuwan Mishan, mu kuma Musulmi ne, rafi ne kawai ya raba mu. Kowa ya san asalin gonar ta kakana ce. Abin da ba a sani ba shi ne yadda aka yi ta koma hannunsu, aro ne ko kyauta. Babu takarda. In aro ne, za su tashi kafin damina.

Kakana ya rasu ranar Lahadi da hantsi, bayan jinyar kwana tara, ana tsakiyar yankan dawa, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki. Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Ƙasa ta riga ta yi tauri, samarin ƙetaren rafi ne suka zo da diga bayan sun tashi daga coci, suka haƙa kabarin tare da namu. Da aka tayar da sallah suka koma gefe suka tsaya, hulunansu a hannu.

Mutane sun zo daga Bakori da Maska, har da wasu daga Mahuta. Kowa da abin da ya tuna. Liman ya ce tun da ya san shi bai taɓa jin an kai ƙararsa ba. Wani dattijo daga Maska ya ce kakana ne ya raba shi da ƙanensa rikicin iyaka, da ƙafa kawai. Ya taka, ya ƙirga, ya tsaya ya ce, "Nan ubanku ya tsaya." Aka tona aka tarar da tsohuwar saiwar gamba. Ƙaramar gwaggona ta yi kuka har muryarta ta dishe, tana cewa yanzu babu wanda zai sake kiranta da sunan yarinta. Akwai kuma wani sa'ansa, da suka daɗe ba sa shiri, wanda ya shafa fatiha ya ce ƙasa-ƙasa, "Allah ya jiƙan yaron Bature." Na ga mutum biyu sun kalli juna.

Ina karatun tarihi a Zariya. Shekara biyu ina zama da shi duk hutu, ina rubuta abin da yake faɗa, har na cika littafi uku. Daga cikinsu na tsamo wannan, don kada a wayi gari abin da za a tuna da shi kawai shi ne wancan suna.

Gaskiya ne ya yi wa Bature aiki. Yana saurayi, kafin ya yi aure, aka ce kowane gari ya ba da majiya ƙarfi don aikin safiyo, wato awon ƙasa. Rani uku ya yi yana jan sarƙa. Sarƙar ta ƙarfe ce, tsawonta taku ashirin da biyu. Shi ne a gaba, yana sare ƙaya yana ja, in ta miƙe ya kafa turke. Baturen yana baya yana leƙa wani madubi da ake kafawa a kan sanduna uku, saboda haka mutane suka sa masa suna Mai Ƙafa Uku. Kakana bai taɓa sanin sunansa na gaskiya ba, bai kuma damu ya sani ba.

Aikin bai sake shi ba har ya tsufa. In yana tafiya leɓɓansa suna motsi, baƙo sai ya ɗauka tasbihi yake yi, alhali taku yake ƙirgawa. Ya san sarƙa nawa ce daga zaurenmu zuwa masallaci, daga masallaci zuwa rijiya. Ba ya taka kunyar gonar wani, ko da zagayen zai ninka masa tafiya. In ka tambaye shi hanya ba ya nuna maka da hannu, sai ya tashi ya raka ka har inda ba za ka ɓata ba, ko da tuwo yake ci.

Akawu yake kirana, saboda biro da littafi. Wani lokaci kuma matata, irin wasan kaka da jika. Wata rana na karanta masa wani wuri a littafin makaranta inda aka ce wani Bature ya ƙetare koguna ya gano ƙasashen Arewa.

Ya ce, "Tsaya, Akawu. Da ƙafarsa ya ƙetare?"

Na ce littafin bai faɗa ba.

"To, ni nawa Baturen a wuya na ƙetare da shi. Ya riƙe mini kunnuwa kamar linzami. Ki rubuta wannan a gefe, da jan biro."

Na rubuta. Ya sa na karanta masa don ya tabbata ban rage kunnuwan ba.

Duk da haka bai taɓa zagin mutumin ba. Ya ce mai ƙwazo ne, ba ya ha'inci a awo, zazzaɓi ma ba ya hana shi fita. Duk abin da aka gaya masa sai ya rubuta. "Illarsa ke nan," in ji kakana. "Abin da aka gaya masa kawai ya sani."

Ina 'yar shekara goma sha biyu muka bi wata hanya za mu biki, ya tsaya a wani fili da ciyawa ta fi tsawona. Ya ce, "Matata, wannan daji ne ko gona?" Na ce daji ne. Ya ce in ƙirga masa itatuwan. Ɗorawa, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, ɗorawa, kowace nesa da 'yar'uwarta. Ya ce in nuna masa itace ɗaya da ba a cin 'ya'yansa. Na duba, babu. Ya ce, "Wani ne ya sare sauran ya bar waɗannan. Saura ce, gona ce take hutawa. Tana da mai ita, kuma ya san shekarar da zai dawo." Sannan ya ƙara da cewa ɗan ƙasar nan ko makaho ne ya san saura, amma madubin Bature ba ya ganinta. A lokacin na ɗauka darasin noma kawai yake ba ni.

Faɗa ɗaya na taɓa gani ya yi, da babban baffana ne, ɗansa na fari. Lokacin takin zamani da tarakta sun shigo ƙasar Funtuwa, masara ta yi daraja, kowa yana neman ƙarin fili. Baffana ba mugu ba ne. Yana da 'ya'ya da yawa, ƙannensa ma haka, gonaki uku kuma ba sa ƙaruwa. Suna cin tuwon rana a inuwar rumbu ya kawo maganar.

"Baba, gonar nan ta ƙetare. In aro ne a faɗa, in kyauta ce a faɗa. Mu ma muna da bakunan ciyarwa."

"Ci tuwonka."

"Ba maganar tuwo nake yi ba."

"Ni kuma ita nake yi."

Kakana ya wanke hannu ya tashi. Sati biyu bai sake zama a tabarma ɗaya da shi ba. Rana ta goma sha biyar baffana ya je gonarsa da sassafe, ya tarar tsohon ya riga shi, ya nome masa kunya shida. Suka ci gaba da noma tare. Shirinsu ke nan. Tambayar kuwa ta zauna yadda take.

Ni ma na yi ta. Ya ba ni labarin rani na farko da na biyu dalla-dalla, inda suka kwana, wanda kunama ta harba, garin da aka hana su ruwa. Amma duk lokacin da muka iso rani na uku, arewa da garinmu, inda gandun daji na gwamnati yake yanzu, sai ya ce, "Rufe littafin, Akawu." Sau uku muna kaiwa nan. Na ƙarshe yana kwance ne, kwana huɗu kafin rasuwarsa. Na tattara ƙarfin hali na ce, "Tsoho, gonar ƙetare fa?" Ya ce, "Ke matar nan tambaya ta yi miki yawa. In na mutu wa zai aure ki?" Na yi dariya, na gyara masa mayafi. Ban sake tambaya ba, kuma wannan laifina ne.

Aka sa rabon gado bayan sadakar arba'in. Saura kwana biyar na ƙetare rafin da la'asar. Ban taɓa zuwa gidan ni kaɗai ba. Na tarar da tsohuwar a tsakar gida tana bakacen kalwa za ta yi daddawa, jikokinta suna ɗaure dammunan dawa.

"Maraba da Akawu," in ji ta. Ashe sunan ya ƙetare ruwa. "Kin zo ƙirga mu ne?"

"A'a, Iya. Gaisuwa na zo."

"Da littafi a hannu? Zauna."

Na zauna. Na kasa farawa, har sai da ta ajiye faifan ta ce in faɗi abin da ya kawo ni tun rana ba ta faɗi ba. Na ce ina so in san abin da ya faru a rani na uku.

Ta ce gidansu a can yake, a wani kwari cikin inda ake kira gandun daji yanzu. Babban gida ne, na surukinta, da gonaki kewaye da shi, wasu ana nomawa, mafi yawa suna hutawa. Ita tana amarya. Shekarar da ta wuce an zo an ɗebi maza aikin tilas, biyu daga gidan ba su dawo ba. Saboda haka da labari ya zo cewa ga Bature da mutanensa sun doso, sai suka kashe wuta, suka kora awaki cikin kwazazzabo, kowa ya shige cikin gamba a bakin rafi.

"Baturen bai sauko ba," in ji ta. "Yana can kan tudu da ƙafafunsa uku. Kakanki ya aiko ya duba ko da mutane. Ya shiga gida, ya taɓa toka, da ɗuminta. Ya bi sawun awaki. Sai ga shi tsaye a kanmu, kamar daga nan zuwa turmin can. Surukina ya ɗora hannu a baki, ya sunkuyar da kai har ƙasa. Mu mata muka toshe bakin yara."

"Sai me ya yi?"

"Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Ya juya ya hau. Muna ji ya ɗaga murya ya ce, 'Ba kowa. Kufai ne.'"

Ta ɗauki faifan ta ci gaba da bakace.

"Ranar nan har akuya muka yanka don murna. Muka ce Allah ya haɗa mu da ɗan halak."

Ta ce bayan damina biyu sai ga malaman daji da duwatsun siminti. Suka ce daga yau ba noma, ba sara, ba kiwo. Surukinta ya je har gaban hakimi. Aka ce masa takardar Bature ta nuna kufai ne da daji, babu mutum ko ɗaya, to da bakin wa za a ƙaryata takarda? Gidan ya watse. Wasu suka nufi wajen Malumfashi, wasu suka raɓu da Mishan. Ita da mijinta suka yi shekara suna noman ƙodago a gonakin mutane. Nan kakana ya neme su ya same su.

"Mu muka roƙe shi," ta ce. "Ki rubuta wannan ma. Kada ki ɗora masa shi kaɗai."

Na rubuta. Sannan na ce, "Iya, gonar nan, aro ya ba ku ko kyauta?"

"Ranar ina gida, da mijina suka je, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya. Abin da ban ji da kunnena ba, ba zan faɗa ba. In ma na ce kyauta ce, za a ce don tuwona na faɗa." Ta hure ƙaiƙayi daga faifan. "In sun ce mu tashi, ai mun taɓa tashi. Yaran nan ne ba su taɓa ba."

Da zan tafi ta ba ni daddawa a ganye in kai wa kakata. Ta ce, "Kin tambaye ta?" Na ce a'a. Ta ce, "To."

A hanya na yi ta tunanin abin da zan sa a littafi. Ban ga yadda zan kira shi maci amana ba, ban kuma ga yadda zan wanke shi tas ba. Saurayi ne da ya ga mutane a tsorace ya rufa musu asiri, kalma biyu, suka rasa ƙasar kakanninsu. Shi da kansa bai wanke kansa ba. Da ya wanke, da bai riƙa cewa in rufe littafi ba. Allah ya gafarta masa, ya duba niyyarsa, ya yalwata masa makwanci.

Babu wanda ya tambayi kakata. Tana takaba, kuma a gidanmu ba a saba tambayar mata zancen gona ba. Ga kuma kunyar ɗan fari. Tun da ta haifi babban baffana ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa doguwar magana kai tsaye. Kullum da safe yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ta ce, "Yauwa," ya tashi. In tana da saƙo sai ta ba wani ya gaya masa, ko da yana zaune a wurin.

Ranar da za a yi rabon na shiga ɗakinta tun da hantsi, na zauna ina jiransa. Da ya zo ya gaishe ta zai miƙe, na ce, "Baffa, don Allah ka ɗan dakata." Ban taɓa tsayar da shi ba a rayuwata. Ya dube ni da mamaki, ya koma ya zauna. Na buɗe littafin na karanta abin da tsohuwar ta faɗa, tun daga toka mai ɗumi har zuwa duwatsun siminti. Sau biyu ina ɓata layi. Bai katse ni ba.

Da na gama ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah Sarki, Baba." Ya shafa fuskarsa. "Na ji, 'yata. Amma duk wannan bai ce kyauta ba ce. Gado kuma ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai haƙƙin ƙannena a ciki. Ba zan bayar da abin mutane a kan tausayi ba."

Gaskiya ya faɗa. Na juya wajen kakata. Tana zaune a kan buzu, fuskarta wajen bango, carbi a hannu.

Na ce, "Inna, aro ne ko kyauta?"

Ta ja carbin har ya zagayo. Ba ta juyo ba, ba ta kuma kalli ƙofa ba.

Ta ce, "Gaya wa baffanki ina ɗauke da cikinsa wata bakwai ranar. Ni na riƙe ƙarshen igiya Malam, kakanki, yana aunawa, don ya ce kunya yake ji maza su gani. Mijin matar nan ya yi masa wannan tambayar taki. Malam ya ce masa ba aro ba ne, ba kuma kyauta ba ce, gonarsu ce da ya ɓatar musu da bakinsa yake mayarwa. In alƙali yana so ya ji, a kawo shi bakin ƙofar nan in sake faɗa."